Daga Bronx zuwa Zango: kada ka sauke parabol ɗin Inna tukuna

Auta, na saurari muryar da ka turo mini sau biyu, da farko ina tuƙi, sannan bayan na sauke fasinja na samu wurin tsayawa. Ka ce wani yaro a fadarku ya rantse maka cewa a Amurka an daina kallon tele da dekodar, kowa ta intanet yake kallo, har kana shawarar sauke parabol ɗin da ke kan ɗakin Inna, kuɗin abonema a riƙa sayen mega da su. Yaron bai yi ƙarya duka ba. Kamfanin Nielsen, mai ƙidayar abin da mutanen ƙasar nan ke kallo, ya ce a watan Mayu na 2025 kallon intanet ya kai kashi 44.8 cikin ɗari na lokacin da ake ɓatawa gaban tele, karo na farko ke nan da ya wuce kebul da tashoshin iska in an haɗa su. Sai dai jiki ya fi kunne ji, kuma ni na biya kuɗin duka biyun daga aljihuna.

Kafin mu yi nisa: duk inda na ce dala, ta Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Ka riƙa lissafa kowace ɗaya a wajen sefa 600, wani lokaci ta ɗan haura, wani lokaci ta sauka.

Abin da ake kira kebul a nan ba faranti ba ne. Waya ce kamfani ke ja ta ƙarƙashin titi ko bisa turaku har cikin ɗakinka, kamar yadda Nijelek ke ja wa mutum kuran. Tun ƙarshen shekarun 1940 aka fara shi a garuruwan da ke cikin duwatsu, irin na jihar Pensilbeniya, inda hoton tashoshi ba ya isa: sai a kafa doguwar eriya kan dutse, a rarraba wa gidaje ta waya. Yau wayar nan guda ita ke kawo tele, ita ke kawo intanet. Ka riƙe wannan, don nan kan zancen yake.

Da muka tare a gidan da muke ciki yanzu, na kira kamfanin da wayarsa ta shigo benenmu. Wata mata mai daɗin baki ta shimfiɗa mini haja uku. Ta farko kebul na gargajiya: akwati kamar dekodarmu, telekomand mai maɓallai fiye da yatsun mutum biyu, tashoshi ɗari da wani abu, har da na unguwa da na wasanni. Ta biyu kuma tele ce ta kamfanin nasu amma ta intanet: babu mai zuwa ya huda bango, manhaja za ka sauke a tele ko a waya, kuɗinta bai kai na farko ba. Ta uku intanet zalla, ka je ka nemi abin kallonka inda ka ga dama. Na tambaye ta wacce ta fi sauƙi, ta ce in na haɗa kebul da intanet akwai rangwame na wata goma sha biyu. Kalmar rangwame kawai kunnena ya kama. Wata goma sha biyun ya wuce ni kamar iskar hunturu.

Takardar biya ta farko ita ta fara koya mini karatu. Farashin da aka faɗa mini yana nan a sama, ba a taɓa shi ba. A ƙarƙashinsa ne ƴan uwansa suka jeru. Hayar akwati, kowane wata, kuma kowace tele da nata. Akwatin ba naka ba ne ko ka shekara goma kana biya. Kuɗin tashoshin iska, sama da dala ashirin, wato tashoshin da maƙwabcina ke kamawa kyauta da ƴar eriya. Kuɗin wasannin yanki, na ƙwallon sanda da kwando, waɗanda ban san ko dokarsu ba. Sai haraji kala-kala. Na zauna a kicin da biro ina tarawa, uwar ƴaƴana tana tsaye da ludayi a hannu, ta leƙo ta ce: "Malam, wannan tele ce ko kishiya aka yi mini?" A wata na goma sha uku rangwamen ya faɗi, jimillar ta haura dala ɗari biyu. Jaka ɗari da ashirin ke nan, Auta, a wata guda. Ka tuna lokacin da na baro gida Access na Canal+ jaka biyar ne, Evasion jaka goma, kuma muna ƙorafin tsada.

Wannan ɗabi'a ta ɓoye kuɗi a ƙasan takarda ba a kaina aka fara ba. Ta yi yawa har hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta kafa doka a watan Maris na 2024 cewa kamfanonin kebul da na tauraron ɗan Adam su riƙa faɗin jimillar kuɗin tashoshi a dunƙule. Doka ta zo, amma ni na riga na sha.

Na sake kira na ce a mayar da ni haja ta biyu, tele ta intanet. Gaskiya ta yi mini daɗi kwana biyu: na mayar musu akwatinsu, na karɓi rasit na adana (in ka yar da shi suka ce ba su ga akwati ba, kai za ka biya), yara suna kallon zane a allon hannu, ni ina kallon labarai a waya tsakanin fasinja da fasinja. Ran Asabar na zauna kallon Premier League, sai na tarar babu tashar. Ashe abin da ya sa ta yi araha ke nan: an zare mata tashoshin wasanni da na unguwa, su ne masu tsadar. Tuwo ne aka ba ni babu miya. Kuma ba ta aiki sai da intanet ɗin kamfanin, wanda shi kaɗai yake cin kusan rabin abin da nake biya a da. Da na cire kebul ma sai kuɗin intanet ya ɗan tashi, wai na raba su da juna.

To sai na shiga kasuwar manhajoji, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne, tunda na san ƙwallo ce ta sa kake wannan tunani. A Zango ka sa abonema ɗaya, ka zauna da telekomand, Ingila da Spaniya da Faransa da gasar zakarun Turai duk suna wuri guda in ka biya babban tsari. A nan an yi musu rabon gado. Premier League tana hannun NBC tun 2013, wasu wasannin sai a manhajarsu Peacock. Gasar zakarun Turai tana wajen CBS tun 2020, ana kallonta a manhajarsu Paramount+. La Liga ta koma ESPN a 2021. Kofin Afirka kuma sai beIN Sports. Kowanne da kuɗinsa, kowanne da kalmar sirrinsa, kowanne yana so ka ba shi lambar katin banki. Akwai YouTube TV, mai tara tashoshi da yawa wuri guda kamar kebul; da ta fito a 2017 dala 35 ce, a Janairun 2025 ta kai dala 82.99. An gudu daga kura an faɗa wa zaki. Netflix da yara suka nace a kai, a farkon 2025 mai talla dala 7.99 ne, marar talla 17.99. Da can mu huɗu muke karo-karo a kan asusu ɗaya, ni da wasu ƴan Maradi biyu da wani ɗan Mirya, sai a watan Mayu na 2023 kamfanin ya ce asusu na gida ɗaya ne, adashinmu ya watse.

Wata rana na jera duk abin da ke fita daga katina, na haɗa da intanet. Tsakaninsa da tsohuwar takardar kebul bai fi kuɗin buhun shinkafa ƙarami ba. A ciki har na gano wata manhaja da na shiga gwajin kyauta na mako guda don wasa ɗaya tak, na manta da ita, ta yi wata biyar tana tsotsa.

Ba farashin ne ya fi ci mini rai ba, yadda ake karɓar kuɗin ne. A gida ka je butik ko ka tura ta waya, a sa maka wata guda. Wata ya ƙare ba ka da shi, allo ya yi baƙi, ka koma Télé Sahel da tashoshin kyauta, babu mai binka ko tamma. Lokacin azumi ko na sayen rago ka ƙyale shi, ba wanda zai ji haushi. A nan ba a jiran ka kawo. Hannunsu na cikin aljihunka, ranar da aka sa za a cira, kana barci ko kana asibiti. In kuwa takardar kebul ta taru ba ka biya ba, ana iya miƙa ta ga masu karɓar bashi, ta shiga tarihin bashinka, tarihin da mai gidan haya da mai sayar da mota ke dubawa kafin su saurare ka. Mutum ya rasa ɗaki saboda tele! Fita kuma ba ta da sauƙi kamar shiga: ranar da na ce a yanke kebul na fi rabin awa a waya, ana miƙa ni daga wannan zuwa wancan, kowa da sabon rangwamen da jiya babu shi.

Kuma biyan kuɗi bai hana a rufe maka tasha. Ranar 31 ga Agusta 2023 kamfanin Disney da Charter, mai kebul ɗin Spectrum, suka saɓa kan farashi, tashoshin ESPN da ABC suka ɓace wa gidaje kusan miliyan 15 har zuwa 11 ga Satumba. Masu cewa intanet ta fi su ma sun ɗanɗana: a ƙarshen Oktoban 2025 irin wannan rigima ta raba YouTube TV da tashoshin Disney wajen mako biyu. A watan da aka yi ta farkon ku kuna fama da yankewar kuran daga Najeriya, ga zafi ga duhu, shi ya sa ban ko ɗaga maka zancen ba. Da kunya mutum ya yi kukan ESPN a gaban wanda firjinsa ya zama kabad.

Akwai wani abu da ba a faɗa a talla: hoton intanet yana zuwa a makare. A saman ɗakinmu akwai wani dattijo ɗan Gambiya da ya riƙe kebul ɗinsa gam. Ranar wani wasan Kofin Afirka ina zaune da kofin shayi, a allona ɗan wasa yana gyara ƙwallo zai buga kwana, sai na ji rufi ya girgiza, tsoho yana ihu yana buga ƙafa. Na ajiye kofin, na zauna ina jiran ƙwallon da na riga na san ta shiga. Ta fi rabin minti kafin ta iso. Ka auna wannan a rumfar kallo a Zango, rediyon mai shayi ya riga allonka cin ƙwallo. Wa zai sake ba ka sefa ɗari ɗinsa ya zauna?

Abin da ya fi ba ni dariya, a ƙarshe eriya na saya. Ƴar faifai ce kamar murfin kwano, dala ashirin da ƴan kai, na manna ta a taga. Tun Yunin 2009 manyan tashoshin iska na ƙasar nan suka koma dijital, hoto tas, kuma ba a biyan ko sisi: ABC, CBS, NBC, Fox, da su Telemundo masu Spaniyanci, waɗanda mai sharhinsu ke jan "gol" har numfashi ya ƙare. Na haɗa da Tubi da Pluto TV, manhajoji na kyauta masu talla. Na ƙetare teku na dawo kan eriyar da Baba ke sa mu juyawa a kan gora.

Duk tashoshin nan ɗari da wani abu, ban taɓa jin an yi sallama da Hausa a ɗaya ba. In muna son namu sai YouTube, ko manhajar Arewa24, ko shafukan Facebook masu ɗauko Télé Sahel. Lokacin kokowar takobi a Disamba, ƙarfe huɗu na yammarku ƙarfe goma na safenmu ne. Sai in faka mota gefen titi, in jingina waya a sitiyari, hoto yana tsayawa daidai lokacin da aka kama ƙafa. Inna kuwa tana zaune kan tabarmarta tana gani garau, ba ta biya mega ko ɗaya ba.

Sai lissafin megan kansa. Netflix da bakinsu sun ce awa guda tana cin wajen giga ɗaya a hoto na talaka, har giga uku a mai kyau. Wasa ɗaya awa biyu ne. Ka duba nawa kake sayen giga a Airtel ko Moov ko Zamani, ka ninka da wasannin wata, ka ƙara wa'azin da Inna ke bari a kunne tun hantsi har azahar, da zanen jikokinta. A nan abin yana yiwuwa ne don intanet ɗin gida na waya ne, kuɗinsa ɗaya ko ka kwana kana kallo. Na ji Starlink ya shigo Nijar a 2025, kuma ga mai sibar ko ofis ko rumfar da ke tara mutum hamsin zai iya zama wata magana. Ga gidan Inna, wadda telekomand ma maɓalli uku ta sani a jikinsa, ban ga dalili ba.

Na tura kuɗi ta Nita jiya da dare. Ka sa mata wata uku, ragowar ka kira mai gyara ya ɗaure farantin da kyau, ya sauya wayar da rana ta cinye kafin iskar damina ta fara. Batirin sola kuma ka aiko mini da farashinsa daga kasuwar Dole, da hoton lambar da ke jikinsa, kada a sake ba ka irin na bara.