Tsutsar wake: feshi ko irin SAMPEA 20-T?

Tsutsar Maruka ce babbar mai ɓarnar wake a gonakin Zariya da kewaye. Uwarta na yawo da dare tana saka ƙwai a kan fure, tsutsar kuma ta kutsa ciki, daga baya ta huda kwasfa tana cin ƙwaya. Idan ta yi ƙamari, asara kan kai kashi 80 cikin 100.

Mai dogaro da feshi kan yi shi sau 6 zuwa 8 a damina. Matsalar ita ce lokaci. Da zarar tsutsa ta shige fure ta rufe kanta da saƙa, magani ba ya isa gare ta sosai. Don haka a fara tun wake na ɗaure fure, a maimaita duk kwana 7 zuwa 10, da yamma, ba lokacin da hadari ya haɗo ba. Wanda ya jira sai ya ga ramuka a kwasfa ya makara.

SAMPEA 20-T kuwa, irin waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, yana ɗauke da sinadarin Bt (wanda asalinsa daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa ne) da ke kashe tsutsar in ta ci. Amma kada a ajiye famfo: irin ba ya hana darɓa, ƙananan ƙwarin fure, ko masu tsotsar kwasfa. Feshi biyu na nan, lokacin fure da lokacin kwasfa.

A ganinmu, inda Maruka ke addaba kowace shekara, irin ya fi sauƙi, muddin daga amintaccen dillali aka saye shi, ba a buɗaɗɗen mudu a kasuwa ba.