Rigar sanyin da ta cinye mana farar shadda

Raina a ɓace yake, gara in faɗa tun da wuri don kada wata ta karanta rabi ta zaci yabo nake yi. Akwai wani babban kanti a nan Kano, irin na zamanin nan mai gilasai da kwandon turawa, ƙasa kayan masarufi da na wanki, sama kuma tufafi. Ba zan kama suna ba. A can na haɗa sayayyar hunturun bana gaba ɗaya: jaket ga maigida, suwaita da hular sanyi da safa ga yarana maza uku, sai kayan wankin gida da suka kusa ƙarewa. Kuɗin ba sai na faɗa ba. Duk wadda take shiga kasuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023, naira kuma ta faɗi, ta san abin da ake kira wa mutum a kan rigar yaro guda.

Ni 'yar Ƙofar Wambai ce, shekara da shekaru gwanjo nake zaɓo musu. Bana ne babban ya shiga makarantar kwana, aka ce suwaita shuɗiya mai duhu marar rubutu ake so, maigida kuma ya ce shi ma a samo masa sabuwa, ya gaji da warin dila. Ga sanyin ya sauko da ƙarfinsa. Masu hasashen yanayi su ce digiri 12 ko 13 ne da asuba, amma iskar nan da ke kaɗowa daga hamada da hazonta har ƙashi take shiga, balle ga yaron da bakwai take yi masa a cikin a-daidaita-sahu, ba ƙofa ba taga.

Tsakani da Allah, ranar da na saya na fito ina murna. Jaket ɗin baƙa ce, mai kauri, zif ɗinta na ƙarfe, shafinta na ciki ja mai duhu, mai laushi. Yarinyar da ke kula da wajen ta ce min, "Hajiya, wannan ko Jos Alhaji zai je ta ishe shi." Kuma ta riƙe sanyi, wannan ban musa ba.

Sai ranar ɗaurin auren 'yar ƙaninsa a Zariya. Shi ne waliyyin amarya. Ya yi sallar asuba ya kama hanya, ya sa farar shaddarsa ta Babbar Sallah, kaftani mai aikin hannu a wuya, wadda bai fi a ƙirga sawar da ya yi mata ba, ya ɗora jaket ɗin a kai. Da hantsi ya dubi ludayi, rana ta fara zafi, jama'a sun taru a ƙofar masallaci, ya tuɓe ta ya rataya a hannu. Wani amininsa ne ya jawo shi gefe ya ce, "Alhaji, lafiya? Me ya same ka a baya?" Kafaɗu biyu, gadon baya, hammata, bakin hannu, duk inda shafin nan ya gogi shadda ya bar ja. Ba ruwa ne ya taɓa shi ba, ba a kuma taɓa wanke jaket ɗin ba. Ɗan gumin zaman mota da gugar kujera kawai.

Ku duba min wannan lamari. Mutum yana garin da ba nasa ba, ba wata riga a mota, liman yana jira, dangin ango sun zauna. Haka ya mayar da jaket ɗin ya ja zif har wuya, ya zauna a sahun gaba ya ba da aure, rana tana dukansa, gumi yana ƙara jiƙa shafin, jan yana ƙara kama shaddar. Duk hotunan da aka ɗauka ranar kowa ya fito fes cikin fararen kaya, shi kaɗai ne a ƙunshe cikin baƙar rigar sanyi da tsakar rana. Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Da ya dawo da daddare bai ce komai ba, ya tuɓe ya miƙo min kaftanin. Da na ɗaga shi a gaban fitila sai da hawaye ya zo min, domin na san yadda aka yi aka ɗinka shaddar nan, na san watannin da ya yi yana ɗaga sayenta saboda kuɗin makarantar yara.

A daren na je na duba fararen rigunan makarantar ƙananan biyun, waɗanda suke ɗora suwaitar a kai. Ai kuwa kwalar kowacce ta yi shuɗi, hammata ma haka. Da farko na ɗauka ƙurar hanya ce ta haɗu da gumi, da na goga da jiƙaƙƙen tsumma na ga rini ne.

Na ɗauki jaket da shadda da rasit na koma kantin. Aka haɗa ni da manaja. Ya juya jaket ɗin, ya ce, "Hajiya, ai an riga an saka, kin kuma cire takardar jiki." Na ce, "Malam, in ba a saka ba ta yaya za a san tana zuba?" Ya nuna min ƙasan rasit inda aka rubuta kayan da aka saya ba a dawo da shi. Na roƙi ruwa, na jiƙa farin hankici, na je kan irinta da ke rataye sabuwa fil da takardarta, na goga a shafin a gaban idonsa. Hankicin ya fito ja. Ya yi shiru, can ya ce su ma haka aka kawo musu, laifin kamfani ne, in yi haƙuri. Ba canji, ba ragi, ko ya ce bari ya kira mai kantin. Abin da ya fi ƙona min rai, ko hannu bai ɗaga ya ce a sauke sauran daga kan marataya ba. Ina tsaye wani dattijo cikin farin yadi yana gwada irinta, ni na je na ce masa, "Baba, duba wannan hankicin tukuna."

Da a bakin titi na saya da araha, da na ce araha ba ta ado, na shanye. Amma wanda ya sa gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗora kuɗinsu a kan kaya, ai ya ɗauki alkawarin cewa ya duba abin da yake sayarwa. Rubutun ƙasan rasit ɗin ma ba hujja ba ce. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta ba wanda aka sayar wa kaya mai aibi damar mayarwa, hukumar gwamnatin tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, kuma ta sha faɗa cewa rubuta ba a dawo da kaya ba ya soke wannan haƙƙi. Ko ba dokar gwamnati, tun a Islamiyya aka karantar da mu cewa wanda ya ga aibin da ba a bayyana masa ba a cikin haja yana da zaɓin mayar da ita.

To amma ba zan yi zalunci ba. Ina saukowa ƙasa, wani matashi da ke jera kaya a ɓangaren sabulai, wanda ashe ya ji hayaniyar, ya tare ni ya ce, "Umma, don Allah kada ki sa wa shaddar nan bilicin. Zai ci zaren aikin wuyan, ya kuma rage wa yadin ƙarfi." Ya ɗauko min wani garin cire tabo a roba, ya ce wannan ba kulorin a cikinsa, da oksijin yake aiki, sai dai ba ya tashi a ruwan sanyi. A narka shi a ruwan ɗumi, a nutsar da kayan gaba ɗaya kada wani gefe ya leƙo, a bar shi ya jima. Na saya ina gunaguni, don a lokacin ko kwabona ba na so ya sake shiga aljihun kantin nan.

Wallahi garin nan ya ba ni mamaki. Rigunan yaran na jiƙa su da magariba, kafin in kwanta ruwan ya koma shuɗi-shuɗi, da safe na ɗauraye na shanya, kwala ta fito fara tas, har tsohon dattin wuya da burushi ya gaza ya tafi. Na gwada shi a kan farin zanen gado da ɗankwalin da manja ya taɓa, duk ya yi. Omon da na saya a babban buhu shi ma ba laifi, ba ya dunƙulewa, kaɗan ke isa, yana fita da wuri wajen ɗauraya, wanda duk mai sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ta san amfaninsa. Sabulun sanda mai tauri ne, ba ya narkewa a bakin rijiya. Sitatin ruwan sanyi ya kama kayan maigida yadda yake so. Bula dai bula ce. Har na fara cewa a raina, to, kanti ne mai hawa biyu, ƙasa na kirki sama na banza, a raba musu maki biyu a wuce wajen, ko don albarkacin yaron nan.

Shaddar ce ta dawo da ni. Jan ya ragu, amma bai fita ba, ya koma ruwan hoda mai faɗi a gadon baya, maiƙon nan nata da ake sayenta dominsa kuma jiƙon ya tafi da shi. Na kai wa Baba mai wanki da guga na unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana riƙe da manyan kayan maigida. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya shafa, ya ɗaga ta ga rana, ya ce, "'Yata, wannan ta bar fara. Sai dai rini."

Sai kuma suwaitocin. A jikin takardar wuyansu an rubuta ulu ne zalla, shi ya sa ban yi cinikin kuɗin da zafi ba. Na bi abin da takardar ta ce, hoton baho mai lamba 30, ruwan sanyi, ban murɗe ba, na shimfiɗa a inuwa. Na ma fara jiƙa su da gishiri yadda iyayenmu ke yi wa sabuwar atamfa, bai hana su zuba ba. Wankin farko suka yi gudaji-gudaji a ƙirji da gwiwar hannu, wuyan ta ɗan tsakiyan ya saki har yana saukowa kafaɗa. Yayata mai saƙa ce, ita ta ce in zaro zare ɗaya daga cikin ɗinkin in kyasta masa ashana. Ulu na gaskiya, gashin tumaki, ba ya saurin kamawa, ƙaurinsa irin na babbakar kai da ƙafa ne ranar layya, tokarsa kuma murmushewa take yi a yatsa. Wannan kuwa yana ganin wuta ya kama, ya yi baƙin hayaƙi, ya narke ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri, ɗakin ya ɗauki warin ƙonanniyar roba.

Nan ne hankalina ya tashi fiye da na shadda. A hunturu wane gida ne ba a hura gawayi? Autana da asuba a gindin kasko yake tsugunawa kafin ruwan wankansa ya yi zafi, hannun rigarsa yana lilo a kan garwashi. Zaren roba idan ya kama narkewa yake yi ya manne a fata. Da sun rubuta gaskiya, da na san irin jan kunnen da zan yi, ko in ƙi saya wa ƙaramin gaba ɗaya. Ba zan ce manajan ne ya buga takardar ƙarya ba, amma shi ya karɓi kuɗin ulu a hannuna.

Na koma Ƙofar Wambai. Can ma kaya sun yi tsada, dila da kuɗin waje ake sayenta kafin ta biyo ta Kwatano, amma na dace da safiyar da aka fasa sabuwa. Na fito da jiƙaƙƙen hankicina, mai gwanjon ya yi dariya ya ce, "Hajiya, goga son ranki, wannan ta sha wanki tun a ƙasarsu." Ko ɗigo bai fito ba. Na samo wa ƙananan masu kauri, na samo wa babban shuɗiyar da makaranta ke so na aika masa, wanki ɗaya da shanya a rana warin ya tafi. Maigida ma da ya ce ya gaji da gwanjo, ita yake sawa yanzu zuwa masallaci.

Garin cire tabon nan zan sake saya, amma zan nemo shi a Singa ko Sabon Gari, ba zan ƙara taka kantin ba. Jaket ɗin tana nan a leda da rasit da hankicin, ƙanena yana taya ni rubuta ƙorafi zuwa hukuma, don maƙwabciyata ta je kantin shekaranjiya ta ce har yanzu irin jaket ɗin suna rataye, an ma ƙaro wasu. Shaddar kuma tana wajen masu rini a Ƙofar Mata. Maigida ya zaɓi shuɗi mai duhu don ya rufe jan, kuɗin rini da na bugu duk daga aljihunsa, farar da zai sa da Ƙaramar Sallah kuwa sai an sake yanko wata a Kwari.