Sigarin Lantarki: Mai Batiri A Manne Ko Mai Na Cirewa?

Ana yawan tambaya wanne ya fi daɗewa. Dukansu batirin litiyam ne, kuma bayan caji 300 zuwa 500 ƙarfinsu yakan sauka zuwa kusan kashi 80 cikin 100. Alamarsa ita ce tururi ya yi rauni, cajin da ke kai dare ya ƙare tun la'asar. Zafi yana hanzarta lalacewar, haka barin shi a jone bayan ya cika, ko zuƙa har ya mutu murus.

Bambancin yana fitowa ne ranar da batirin ya gaji. Mai a manne ya fi araha da sauƙi, kebul kawai yake buƙata, amma in ya mutu, na'urar duka ta tafi. Mai na cirewa, galibi mai amfani da batirin da ake kira 18650 (lambar girmansa ce), batirin kaɗai za ka sauya, sai dai kuɗin farko ya fi yawa saboda caja ta daban.

Haɗarin kuwa ya fi karkata ga na cirewa. In ledar jikin batirin ta yage, ko ya haɗu da makulli a aljihu, yana iya kamawa da wuta. Ga jabu kuma: batirin 18650 na gaske bai cika wuce 3,500mAh ba (mAh ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka ne), wanda aka rubuta wa 9,000 ƙarya ce. A manne ma in ya kumbura, a daina caja shi.

Mai son sauƙi, a manne ya dace da shi. Mai yawan amfani da zai iya lura da batiri, ya ɗauki na cirewa.