AC/DC: Faifan Bon Scott ko na Brian Johnson?

A 1979 ƙungiyar mawaƙan rock ta Ostareliya, AC/DC, ta fitar da faifan Highway to Hell, Bon Scott ne ke riƙe da makirufo. A Fabrairun 1980 ya rasu a Landan. Watanni biyar bayan nan sai ga Back in Black, da Brian Johnson a madadinsa.

Scott ɗan barkwanci ne, yana rera waƙa kamar mai tsokanar abokai a majalisa. Johnson kuwa ihu yake ƙwalawa, murya a shaƙe, babu wasa. Jitar 'yan'uwan nan, Angus da Malcolm Young, ba ta sauya ba, kuma Mutt Lange ne ya tsara sautin faifan biyu.

A kasuwa na biyun ya yi fintinkau, kiɗansa ma ya fi nauyi. Ni dai na farkon nake kunnawa, saboda shaƙiyancin Scott.