Kibiya uku da ta yi harbi goma sha ɗaya

Wata biyar ke nan muna buga Dungeons & Dragons, wasan da mutum ɗaya ke jan labari sauran kuma kowa na buga jarumi guda, a fadarmu ta unguwar Zariya, duk daren Asabar in an ɗora shayi. Ni ne mai jan labari. Da farko da takarda da ƴaƴan lido muke yi, har muka yi karo-karo muka sayi Foundry VTT, manhajar da ke ɗauke da wasan a kwamfuta. Dalar Amurka 50 ne, wajen jika 30 na sefa ke nan, kuma biya ɗaya ake yi. Abin da ya ja ni shi ne a kwamfutata yake zaune, sauran su shigo ta wifi na gida da nasu kwamfutocin, ko da intanet ta yi nata halin.

Labarinmu a dajin Baban Rafi na kafa shi, kuma ƙanena maharbi yake bugawa. Shi ya dame ni sai na ƙera masa kibiyar tsafi. A dokokin bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, kibiya mai +1 tana ƙara ɗaya ga saiti da ɗaya ga rauni, amma da zarar ta sami nama tsafin ya kwance, ta koma kibiya kamar kowace. Akwai kuma wadda ake ƙerawa don halaka jinsi guda, mai ƙarin rauni na ɗan lido mai fuska 10 har sau 6, sai in wanda aka harba ya kai 17 a jifan ɗan lido na gwada juriya ya sha rabi. Wannan ta yi wa maharbi mai mataki na 3 yawa. Sai na yi tawa: Dafin Gulbi, +1, da ƙarin dafi na ɗan lido mai fuska 6, guda 3 kacal a kwari.

Ƙirar ba ta ci mini minti goma ba. Ka buɗe sabon kaya, ka sa shi cikin abubuwan da ke ƙarewa, ka rubuta adadi da irin raunin, ka manna hoto. Hoton ma na wata tsohuwar kibiya ce da na ɗauka a gidan kakanmu a Tsibiri.

Inda na sha kunya shi ne wajen haɗa kibiyar da bakan a cikin manhajar. Ban haɗa ba. Dare biyu yaron nan yana zuba wa kurayen aljanu Dafin Gulbi, lamba 3 na nan zaune daram. Sai da mai zuba shayi ya leƙo ya ce, "Kai, wanga kwari naka haihuwa yake yi?" Muka ƙirga, harbi 11. Ƙanena ya ce, "Yaya, ni na ɗauka cikin tsafin ne." Ya sani sarai.

Da na gyara sai wasan ya canza kama, kuma a nan na ga kuɗinmu ba su tafi a banza ba. Yana danna bakan lambar na sauka, 3 ta koma 2 a gaban kowa. Yanzu in dodo ya fito sai ka ga ya yi jim, hannu a haɓa, yana auna ko wannan ya cancanci dafi ko kibiyar kasuwa, mai 20 a tsabar zinari ɗaya, ta ishe shi. A takarda ba mu taɓa samun haka ba, don kowa mantuwa yake yi ta inda za ta amfane shi.

Kibiyar da ta kuskure kuwa, tunda tsafinta bai kwance ba, ni nake mayar da ita da hannu in ya tsinto ta bayan faɗa. Saura ɗaya gare shi yanzu, kuma mako uku ke nan ya ƙi harba ta.