Daga faifai ko daga rumbun kwamfuta? Abin da na gani bayan na yi wa kwamfuta 20 fomat

Wata makarantar kuɗi a unguwarmu ta sayo kwamfutocin tebur guda 20, irin 'yan gwanjon nan da ofisoshin Turai suka gama morewa, aka ce in ɗora musu Windows 10 da manhajojin da yara za su yi aiki da su: LibreOffice, VLC, 7-Zip da Chrome. Wanda ya taɓa wuni gaban kwamfuta yana danna Next ya san abin da na gudar wa kaina. Sai na rubuta fayil ɗin autounattend.xml, wanda ke amsa wa Windows duk tambayoyinta da kansa, tun daga harshe da rabon rumbu har sunan mai amfani. Wannan bai ba ni wahala ba. Inda na sha fama shi ne manhajojin: a bar su a kan faifai a girka su daga can, ko a fara kwashe su zuwa rumbun kwamfutar tukuna?

Da faifan DVD na fara, tunda yawancin injinan suna da wurin saka shi. Tun a nan aka samu cikas, don Windows 10 ta ƙarshe, 22H2, ta fi ƙarfin faifai na yau da kullum mai cin giga 4.7, sai mai hawa biyu mai giga 8.5, wanda sai da na zaga shaguna kafin na samu. Da na samu ɗin ma, ƙurar hunturu ta riga ta gama da idon na'urorin karanta faifan. Wata ta karanta, wata ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe ta tofo shi waje. Kafin azahar na haƙura, na ɗauko filash na haɗa shi da Rufus, manhajar da ke mayar da filash abin girka Windows.

Filash ya fi faifai sauri nesa ba kusa ba, amma ciwon da ke tattare da girkawa daga waje bai warke ba. Umarnin da na rubuta yana neman manhajojin a D:, alhali harafin da Windows ke bai wa filash ba ɗaya ba ne a kowace kwamfuta. Wadda ke da na'urar DVD ko rumbu biyu ko makarancin katin memori sai filash ya koma E: ko F:, umarnin ya nemi fayil ya rasa, ya wuce abinsa shiru. Sai ka zo ka tarar da Windows tsaf, babu manhaja ko ɗaya. Akwai dabara, ba sabuwa ba ce: ka ajiye wani ɗan fayil na alama a filash ɗin, ka sa umarnin ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya har ya gano shi. Tun zamanin XP muke yin haka, lokacin da winnt.sif ne fayil ɗin amsa tambayoyin, muna laluben fayil ɗin WIN51 don gane harafin faifai. Ta yi aiki yanzu ma. Sai dai dole filash ya zauna a jikin kwamfutar har a gama komai, ni kuwa biyu gare ni, janareta na ta shan fetur, shugaban makarantar na leƙowa yana cewa, “Injiniya, yaya dai?” Ni kuma ina, “Saura kaɗan, ranka ya daɗe,” ga kwamfuta 18 na zaune suna jiran layi.

Washegari na juya tsarin. A cikin foldar sources ta filash na buɗe $OEM$, a cikinta $1, a ciki kuma wata folda da na sa wa suna Manhaja. Duk abin da ke ƙarƙashin $1, Windows na kwafe shi zuwa C: tun lokacin da take zuba nata fayilolin. Ke nan adireshin ya zama C:\Manhaja a kowace kwamfuta, babu sauran laluben harafi. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne da zarar kwamfuta ta yi ristat na farko, an gama da filash. Yaron shagona yana tsaye, da allo ya yi baƙi sai ya zare ya soka a ta gaba. Har ya tambaye ni, “Oga, ba za ta lalace ba?” Na ce ya zuba ido. Can sai ga kwamfutoci shida suna ta girke-girkensu a lokaci guda, babu mai taɓa su. Girkawar ma ta fi sauri daga rumbu, musamman a kan waɗanda ke da SSD, rumbun zamani mai sauri, don haka 'yan mintocin da kwafewa ta ci sun dawo da riba.

An ɗauke wuta sau ɗaya ana tsakiyar saka LibreOffice a kan guda uku. Da aka tayar da janareta, na shiga C:\Manhaja na sake danna fayil ɗin umarnin, shi ke nan.

Akwai wani kuskure da na yi, nawa ne kuma, don a rubuce yake ban karanta ba. Na fara saka umarnin a SetupComplete.cmd, fayil ɗin da Windows ke tayarwa da kanta idan ta gama girkuwa, ashe ba ya tashi idan kwamfutar na amfani da lasisin da kamfanin da ya ƙera ta ya dasa mata, in ba bugun Enterprise ko na sabar ba. Yawancin 'yan gwanjon nan kuwa da irin wannan lasisi suke zuwa. Da na mayar da shi FirstLogonCommands a cikin autounattend.xml, sashen umarnin da ke tashi a shigar mai amfani ta farko, komai ya tafi daidai. Sai kuma kowace manhaja da kalmar da ke sa ta shiga ba tare da tambaya ba: VLC da 7-Zip suna jin /S, babban baƙi, fayilolin girkawa masu ƙarewa da .msi kuma umarnin msiexec da /qn.

Hanyar rumbu tana barin shara. Na manta ban sa layin goge foldar a ƙarshe ba, bayan mako guda na tarar yara sun gano ta suna ta sake girka VLC don wasa. Yanzu layin rmdir /s /q ne ke rufe umarnin. A kuma kula da filash ɗin kansa, don kalmar sirrin da ke cikin autounattend.xml ba a kulle take ba, ko an ɓoye ta da Base64, wato an sauya mata haruffa kawai, kowa na iya warware ta cikin minti ɗaya.

Wuri ɗaya ne har yanzu nake girkawa kai tsaye daga filash: ƙananan laftof ɗin nan masu rumbu giga 32, waɗanda Windows kaɗai ke cinye fiye da rabinsa. Malamar lissafin makarantar ta kawo mini irinta ranar da zan tafi, na soka filash na ja kujera na zauna har ta gama.