Sharhi kan fakitin irin tumatir na Roma da ya fito da wani tumatir dabam

Na sayi fakitin irin tumatir ta intanet daga wani kamfanin sayar da iri, kuma abin da aka rubuta a jikinsa shi ne Roma, wato tumatirin nan mai siffar ƙwai da nama mai kauri, wanda Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta fitar a shekarar 1955. Na zaɓe shi ne saboda lambuna ƙarami ne, shi kuwa Roma gajere ne, yakan tsaya da girma idan ya kai kimanin mita ɗaya, ya zuba 'ya'yansa kusan a lokaci guda. Ta fuskar tsiro ba ni da ƙorafi ko kaɗan, domin kusan duk ƙwayar da na shuka ta fito da ƙarfinta, dashen ma ya kama ba tare da wahala ba.

Matsalar ta bayyana ne tun a wurin reno, lokacin da ganyen gaskiya, wato wanda ke biyo bayan ganye biyu na farkon tsiro, ya fara fitowa. Yawancin tsirran suna da ganye mai tsage-tsage da baki kamar zarto, yadda aka san ganyen tumatir, amma kaɗan daga cikinsu suka fito da ganye mai faɗi da baki sumul, irin na dankalin turawa. Bayan dashe sai bambancin ya ƙaru, domin waɗannan baƙin ba su tsaya inda 'yan'uwansu suka tsaya ba, suka yi ta yaɗo har sai da na kafa musu dogayen sanduna, kuma suka yi wa na kusa da su inuwa. Da suka yi 'ya'ya, a makare ƙwarai, sai ga tumatir manya masu faɗi, da kafaɗu masu gurbi-gurbi, launinsu ruwan hoda, cikinsu kuma cike da ƙananan ramukan iri masu yawa, alhali Roma ramuka biyu ko uku gare shi.

Na fara neman sunan wannan baƙon tumatir da manhajar waya da ke gane tsirrai daga hoto, kuma amfaninta a nan kaɗan ne. Kowane hoto na ɗora mata, amsarta ɗaya ce, wato Solanum lycopersicum, wanda shi ne sunan kimiyya na tumatir baki ɗaya. Manhajojin nan an gina su ne don bambanta jinsi da jinsi, ba don tantance nau'i a cikin dubban nau'o'in tumatir da ake nomawa a duniya ba, saboda haka wanda ya biya kuɗinsu don wannan buƙata ya yi asara.

Abin da ya taimake ni shi ne bin alamomin gado ɗaya bayan ɗaya. Hanyoyi uku ne baƙon tumatir ke shiga lambu: ko gyauro ne daga takin da aka zuba, domin ƙwayar tumatir tana jure zama a cikin taki, ko ƙudan zuma sun kawo barbara daga wani nau'i a gonar da aka samar da irin, ko kuma an cakuɗa iri wajen tsaftacewa da ƙunsawa. Gyauro na cire shi daga lissafi nan take, tunda a sabuwar ƙasar reno na shuka, kuma ban taɓa noma tumatir mai wannan kama ba. Batun barbara kuwa ya fi buƙatar natsuwa. Furen tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, ko da yake akan sami ƙetarawar garin fure daga wani nau'i jefi-jefi, kuma idan hakan ta faru ba a ganin komai a jikin 'ya'yan wannan shekarar, sai a shukar da ta fito daga ƙwayarsu. To amma ganyen dankali hali ne da ke ɓuya idan ya haɗu da ganyen da aka saba, haka nan fata marar launi, wadda ita ke sa jan nama ya bayyana ruwan hoda, tana ɓuya idan ta haɗu da rawayar fata irin ta jan tumatir. Da a ce Roma ce uwa, wani nau'i kuma ya ba da garin fure, to da shukokin da suka fito daga ƙwayar sun zo da ganye mai tsage-tsage da jajayen 'ya'ya. Tunda halayen nan biyu masu ɓuya sun bayyana tare a shuka ɗaya, hujja ta fi karkata ga cewa ƙwayoyin wani nau'i ne sukutum suka faɗa cikin fakitin.

Kamanninsa sun yi daidai da Brandywine, tsohon nau'in Amurka mai ganyen dankali da manyan 'ya'ya ruwan hoda da ke jinkirin nuna, sai dai akwai wasu nau'o'i da dama masu wannan siffa, kuma ido kaɗai ba ya raba su. Na ajiye ƙwayarsa don shuka ta gaba, domin idan 'ya'yan suka fito kama ɗaya to tsayayyen nau'i ne, idan kuwa suka rarrabu to iri ne mai aure, irin wanda ake rubuta wa F1.

Na aika wa kamfanin hotuna, suka amsa cikin ladabi, suka ce za su turo sabon fakiti, amma ba su yi bayanin yadda cakuɗuwar ta auku ba, kuma fakitin ba shi da lambar rukuni da za a bi sawu da ita, wanda a ganina wannan ne babban aibinsu. Tumatirin da ya zo bisa kuskure ya fi Roma zaƙi da ruwa, wannan gaskiya ne, amma fatarsa tana tsagewa da sauri, ba ya jure ajiya, kuma ya cinye filin da na ware wa wani abu. Mai noma don sha'awa zai iya sayen irin wannan kamfani ya ji daɗi, amma mai buƙatar amfani iri ɗaya a lokaci ɗaya gara ya nemi fakitin da ke ɗauke da lambar rukuni da ranar gwajin tsiro, kuma ya duba ganyen tsirransa da kyau kafin ya yi dashe.